Ruwan tabki: ƙasa ke shanye shi ko iska ke kwashewa?

Kawu: Ni fa ban yarda da zancen yaran lakwal ba, wai ruwan tabkin Madarunfa sama yake tafiya. Ruwa ba ya zama tururi sai an hura masa wuta. Ƙasa ce ke shanyewa. Ko Gulbin Maradi ya ƙafe, tona rairayin ka gani, ruwa na nan ƙasa.

Mushe (malamin makaranta): Kawu, ƙasa na shan rabonta, ba musu. Amma zuba ruwa kaɗan a faifan ƙarfe, ka ajiye shi tsakar gida tun safe. Da la'asar ina ruwan? Ƙarfe dai ba ya sha. Tafasa sai zafi ya kai digiri 100, amma tun kafin nan ƙwayoyin ruwan da ke sama-sama suna kuɓucewa suna shiga iska, ido bai ganinsu.

Kawu: To ai rana ce ta dafa shi.

Iya: Haba Yaya! Da hunturu fa? Sanyi har ƙashi, amma na shanya wanki a inuwa, kafin azahar ya bushe ƙarau. A watan Agusta kuwa zane sai ya kwana a igiya yana ɗanye, har ya yi wari.

Mushe: Iya ta gama magana. Iskar hunturu busasshiya ce, daga Sahara take fitowa, tana da wurin ɗaukar laima. Ta damina a ƙoshe take. Kaɗawar iska ma na hanzarta abin.

Auta: Mushe, randa fa? Ita ma ruwanta na raguwa.

Mushe: Yana tsattsafowa ta ƙananan kafofin yumɓu, ya tashi, ya tafi da zafi. Sanyin ruwan randa ke nan. Da wannan dabarar Mohammed Bah Abba na Najeriya ya yi tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta kamfanin agogon Rolex a 2000. Gishirin Bilma ma haka ake samunsa: ruwa ya tashi, gishiri ya zauna.

Kawu: Na Bilma na yarda, don ba a hura wuta can. Amma tabki guda? Sai na gwada faifan nan da hannuna, kuma kada wani ya bar kaji su matso kusa.