Abin da aka tattauna a Tahoua kan hukuncin ɗalibai

Malamai, iyaye da wasu ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua sun zauna sun tattauna yadda ya kamata a hukunta ɗalibin da ya yi laifi. Kusan kowa ya yarda a bi hukunci daki-daki: gargaɗi da baki, sai gargaɗi a rubuce da zai shiga fayil ɗinsa, sai dakatarwa ta ɗan lokaci. Kora kwata-kwata a bar ta ga babban laifi, kamar dukan malami ko shigowa da makami.

Satar amsa ce ta fi cin lokaci. Wani malami ya ce ya taɓa kama yaro da waya a cikin hannun riga, amsoshi na shigowa ta WhatsApp. Shawarar da aka bayar ita ce mai gadin jarrabawa ya karɓi wayar, ya rubuta rahoto nan take a gaban shaida, ya bar kwamitin ladabtarwa ya yanke hukunci. Kada ya yaga takardar yaro cikin fushi. Ni ma ina ganin hakan ya fi, domin fushi kan ɓata shari'a mai kyau.

Ɗaliban sun dage a saurari wanda ake zargi kafin komai, tare da wakilin ƙungiyar ɗaliban Nijar, wato USN, idan ya nema. Iyaye kuma suka ce a kira su tun daga gargaɗin farko, kada su ji labari sai an kori yaro. An kuma ƙi hukunta aji duka saboda laifin mutum ɗaya.