VPN: "layin sirri" ko "ɗan aike"?

'Yan uwa masu fassarar kayan fasaha, ku matso mu ƙarasa maganar sunan da za mu ba VPN a Hausa, wato manhajar da ke bi da kai ta kwamfutar wani kamfani kafin ka isa shafin intanet. Kalmomi uku ke yawo zuwa yanzu: "layin sirri", "ɓarauniyar hanya" da "lulluɓin intanet". Duk ukun ba su kwanta mini ba, kuma wanda ya fi damuna shi ne ya fi magoya baya, wato na farkon.

"Ɓarauniyar hanya" na san inda ta samo asali. Yawancinmu a Najeriya mun fara jin VPN ne a watan Yunin 2021, da gwamnatin Buhari ta dakatar da Twitter, aka yi ta zagayewa har Janairun 2022. To amma wannan amfani ɗaya ne kawai. Bankuna da manyan kamfanoni sun daɗe suna haɗa ma'aikatansu da ofis ta VPN, babu wata sata a ciki. "Lulluɓi" kuwa akwai daɗin faɗa, sai dai bai gaya mana wa aka lulluɓe wa ba.

Ga yadda abin yake. In ba ka kunna VPN ba, MTN ko Airtel na ganin sunayen shafukan da kake shiga. In ka kunna, wayarka za ta kulle komai ta miƙa wa wata kwamfuta ta kamfanin VPN, ƙila a Holan ko Amurka, ita kuma ta je shafin a madadinka. MTN ba ya ganin komai sai cewa kana magana da kwamfuta guda. Shafin ma adireshin kamfanin VPN ɗin yake gani, ba naka ba. Amma shi kamfanin yana ganin duka biyun: daga inda ka fito, inda ka nufa, da ƙarfe nawa. Abin da kake ɓoye wa MTN ka ɗauka ne ka damƙa wa wani kamfani da ba ka ma san mai shi ba.

Shi ya sa nake tsoron "sirri". Da mun saka ta a cikin sunan, mun yi wa kamfanonin talla kyauta, mun kuma yi wa mai karatu alƙawarin da ba mu ne za mu cika ba.

Kusan kowane kamfanin VPN yana rantsuwa ba ya ajiye komai game da kai. A 2017 PureVPN, mai irin wannan rantsuwar, ya ba hukumar FBI ta Amurka bayanan da suka taimaka aka kama wani mai addabar wata mata ta intanet a jihar Massachusetts. Babu mai tausayin mutumin, amma tambayar ita ce: bayanan da aka ce ba a ajiyewa, daga ina suka fito? A 2020 masu bincike sun tarar da rumbun bayanan UFO VPN na Hong Kong a buɗe ba makulli, cike da adiresoshi da kalmomin sirrin masu amfani da shi. Onavo kuwa, wanda Facebook ya saya a 2013, ana tallarsa a matsayin kariya alhali leƙen manhajojin da mutane ke buɗewa yake yi, har sai da aka rufe shi a 2019. Irin na kyautan nan da muka yi ta saukewa lokacin Twitter, kowa ya tambayi kansa da me suke biyan kuɗin kwamfutocinsu.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Hukumomin Turkiyya sun ƙwace kwamfutar ExpressVPN a binciken kisan jakadan Rasha Andrei Karlov, ba su samu abin da suke nema ba. A Afrilun 2023 'yan sandan Suwidin sun shiga ofishin Mullvad a Gothenburg da takardar kotu, suka fita hannu rabbana. Ku lura dai, a duk waɗannan, na kirkin da na banzan, sai da hukuma ta ƙwanƙwasa ƙofa ko asiri ya tonu kafin aka san gaskiya. Daga kan wayarka ba ka da hanyar gwadawa.

Shawarata: "ɗan aiken intanet". Matar da ke kulle takan aiki yaro ya kai saƙo ya karɓo mata. Maƙwabta ba su ga fitarta ba, mutanen can gidan yaron suka gani. Amma yaron ya san wadda ta aike shi, ya san kowane gida da ya shiga, kuma in mai surutu ne, shi ke nan. Duk Bahaushen da ya ji "ɗan aike", abin da zai fara tambaya shi ne ko mai amana ne, kuma tambayar da muke so ya yi ke nan kafin ya sauke manhajar.

Wata malama a cikinmu ta yi gyara cewa sunan bai nuna kulle bayanan da ake yi ba. Gaskiya ne. Sai dai yawancin shafuka yanzu suna kulle abin da ke cikin saƙo da kansu, ko da VPN ko babu, don haka ba nan ne mutane ke ruɗuwa ba. Wani yallaɓai a cikinmu kuma da ya ce "na kunna ɗan aike" bai zauna a baki ba, na yarda, amma "na bi ta ɗan aike" ya zauna daram. A rubutu, karon farko a sa "ɗan aiken intanet, wato VPN", daga nan a ci gaba da "ɗan aike".

Saura bayanan da kamfanin ke iya ajiyewa na shige da ficenka. Ni "sawu" nake so, sai a riƙa cewa "kamfanin ya ce ba ya ajiye sawu", tare da wannan "ya ce" ɗin a kowane lokaci. Wani ya kawo "rajista", amma za ta rikice da rajistar buɗe asusu. Mutanen Damagaram da Maraɗi, me kuke cewa a wajenku?