Me za mu kira wanda ya sayi kujera a kumbo?

Daga Nima: Salamu alaikum. Masu fassara labarai a rediyon Zango na kiran duk wanda ya hau kumbo "ɗan sama jannati", har da attajiran da suka biya kuɗin kujera. Dennis Tito ya buɗe ƙofar a 2001, ya ba Rasha kimanin dala miliyan 20. Suna ɗaya ya dace da su duka?

Daga Aboabo, Kumasi: Bai dace ba, Malam. Kumbon kamfanin Blue Origin da mai kamfanin, Jeff Bezos, ya hau a Yulin 2021 kwamfuta ke tuƙa shi. Ya ɗan haura kilomita 100, nauyin jiki ya ɗauke na minti uku zuwa huɗu, cikin minti 11 an sauka da lema. Ba wanda ya tuƙa komai. A ce "fasinjan kumbo".

Daga Sabon Zango: Alhaji, a nan na tsaya. Fasinja a wurinmu, ko a tro-tro ko a jirgin Accra zuwa Tamale, mutum ne da hukuma ta duba masa abin hawa. Dokar Amurka ta 2004 ta ware masu hawa kumbo daban. Kamfani zai sanar da kai a rubuce cewa gwamnati ba ta tabbatar da amincin kumbon ga ɗaukar mutane ba, ya nuna maka tarihin haɗurransa, ka sa hannu. Hukumar FAA, mai kula da zirga-zirgar jiragen sama a Amurka, na kare mutanen da ke ƙasa ne. An ɗaure mata hannu kan kafa sababbin ƙa'idojin kare na ciki. Kuma haɗarin ba tatsuniya ba ne: a Oktoban 2014 jirgin gwajin kamfanin Virgin Galactic ya tarwatse a hamadar Mojave ta Amurka bayan mataimakin matuƙi ya saki makullin jelar kafin lokaci, ya kuma rasu. In muka ce fasinja, mai sauraro zai zaci akwai kariyar da babu.

Daga Aboabo: To, "ɗan kasada"?

Daga Sabon Zango: Wannan hukunci ne, Alhaji, ba suna ba. "Mahayin kumbo" ya isa. Jam'i, mahayan kumbo.

Daga Nima: Attajirin Amurka Jared Isaacman fa? Kuɗinsa ya biya, amma shi ya jagoranci tafiyar, har ya leƙa wajen kumbon a 2024.

Daga Sabon Zango: Aiki za a duba, Malam, ba aljihu ba. Wanda aka horar kuma aka ɗora wa tuƙi, ɗan sama jannati ne. Saura mahaya.

Daga Nima: Shi ke nan, zan miƙa wa masu labaran yamma.