Abin da aka tattara kan naɗin tabar siga a gida

Ga taƙaitaccen abin da masu sha'awar naɗa siga (babbar sigari da ake naɗewa da ganyen taba maimakon takarda) a Jos suka faɗa:

1. An yarda cewa siga kashi uku ce, wato ganyen ciki, na ɗauri da na rufi, kuma idan aka matse na ciki sosai hayaƙi ba zai ratsa ba.
2. Hunturun Jos yana busar da ganye har ya riƙa karyewa a hannu, don haka a yayyafa masa ruwa kaɗan, a adana shi cikin danshi kusan kashi 70 cikin ɗari.
3. An rabu kan haɗi: wasu sun fi son ganyen saman tsiro saboda ƙarfinsa, wasu na ƙasa domin ya fi kama wuta.
4. Ɗan ƙaro ya isa a manne kan sigar, wato gefen da ake sawa a baki.
5. Dokar taba ta 2015 ta haramta sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18.