Sai ka yarda ne Reiki ke ci, ko dama babu komai a ciki?

Mai ciwon ƙugu:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan ina zuwa wurin wata mai Reiki, maganin ɗora hannun nan da Mikao Usui ya fara koyarwa a Japan a 1922. Ina kwance da tufafina, ita kuma tana shawagi da tafukanta a saman ƙuguna, wani sa'in ko taɓa ni ba ta yi. Zama shida, shiru kake ji. Da na yi ƙorafi sai ta ce zuciyata ce a rufe. Ban musa ba, da kokwanto na je. Waɗanda suka gwada, don Allah me kuka gani?

Uwar tagwaye:
Ni akasin naka ne, ɗan'uwa. Ƙanwata ce ta ja ni, ina yi mata dariya tun a hanya. Kafin minti goma na ji ɗumi ya ratsa kafaɗuna, na yi barcin da rabona da irinsa tun kafin in haihu. Amma tsakani da Allah, awa guda aka ba ni a ɗaki shiru, ba waya, ba kukan yaro. Ko da ba wanda ya ɗaga hannu a kaina, barcin nan sai na yi shi.

Mai asma:
Ni kam na yarda ɗari bisa ɗari, kuma na ji sauƙi. Ƙirjina ya saki, har na jefa abin shaƙata a durowa. Sai dai 'yar na'urar nan da nake hurawa don auna ƙarfin numfashi ko gezau, lambar jiya ita ce ta yau. Na ce na'urar ce ta lalace. Mako na uku, cikin dare, aka kwashe ni ranga-ranga zuwa asibiti, leɓuna sun fara sauya launi. Daga baya na ci karo da wani gwaji da aka buga a 2011 a Amurka: masu asma da aka ba abin shaƙa na bogi sun ce sun ji sauƙi kusan daidai da waɗanda aka ba na gaske, amma da aka auna huhu, na gasken ya ƙara numfashi da kashi 20, na bogin kashi 7, daidai da wanda ba a yi wa komai ba. Kamar da ni aka yi gwajin.

Ma'aikaciyar jinya:
Sannu malam, Allah ya kiyaye gaba. A wurin aiki na sha ganin yadda yarda ke rage zogi, kuma ba ƙarya majinyaci ke yi ba. Tun 1978 aka nuna cewa idan aka toshe sinadaran kashe zafi da jiki ke fitarwa da kansa, sauƙin da maganin bogi ya kawo wa waɗanda aka cire wa haƙori sai ya gushe. Shi kuwa ƙarfin da aka ce yana fita daga hannu, wata yarinya 'yar shekara tara, Emily Rosa, ta gwada shi. Ta sa masu warkarwa 21 da ke bin wata hanya makamanciyar Reiki suka zura hannuwa ta cikin kwali, ba sa ganinta, ta riƙe nata a saman ɗaya ba tare da ta taɓa shi ba, ta ce su faɗi wanne. Cikin gwaji 280 sun dace sau 123, ko rabin da canki kaɗai zai iya bayarwa bai kai ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a ce wa marar lafiya laifinsa ne don bai yarda ba. Ban taɓa tambayar kowa ko ya yarda kafin in sa masa allurar kashe zafi ba.

Mai ciwon ƙugu:
Na gode, 'yar'uwa. Jibi zan je a ɗauki hoton ƙugun. Saura zama biyu da na riga na biya, zan ƙarasa su, amma da kwalina zan tafi in ga ko za ta yarda.