Muhawara: Wai motar da ke tuƙa kanta ta fi direba aminci?

Nasiru (Garwa): Salamu alaikum. Ni na tsaya a kan maganata, motar da ke tuƙa kanta ta fi mu aminci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma mun san galibi gudu ne, da gyangyaɗi, da waya a hannu. Kwamfuta ba ta barci. A Amurka motocin tasi na kamfanin Waymo suna ɗaukar fasinja a Finiks da San Faransisko babu kowa a sitiyari.

Alhaji Buba (Ngaundare): Wa alaikumus salam. Ɗana, shekara 31 ina tuƙa babbar mota tsakanin Ngaundare da Kuseri, na ga gawa a gangaren dutsen nan na hanyar Garwa har na daina ƙirga. Ba na musun laifinmu. Amma motar da ake tuƙa ta da farin layin kwalta, ina za ta ga layi a hanyar Mora? Ga rami, ga shanu, ga hazo.

Nasiru: Baba Alhaji, wannan matsalar hanya ce, ba ta mota ba.

Malama Hadiza (Marwa): Nasiru, ka haɗa abu biyu daban. Waymo tana yawo ne cikin unguwannin da aka zana mata taswirarsu lungu-lungu. Wadda mutane ke gani a bidiyo kuwa motar kamfanin Tesla ce, kuma sunan da aka sa wa na'urarta, Autopilot da Full Self-Driving (wato mai tuƙa kanta gaba ɗaya), shi ne abin da ke ci mini rai. A matakai na 0 zuwa 5 da injiniyoyi suka tsara don auna iya tuƙin kai na mota, wannan na'urar tana mataki na 2, wato dole idon direba ya kasance a hanya. To ka ce wa mutum mota tana tuƙa kanta, sannan cikin littafin mota ka ce kada ya kau da ido? A 2016 a Fulorida wani ya rasu, motarsa Tesla ta shige ƙarƙashin tirela, na'urar ba ta taka birki ba. A Disamba 2023 sai da kamfanin ya yi wa motoci kusan miliyan 2 gyara a kan wannan na'urar. Shugaban kamfanin, Elon Musk, ya faɗa a 2019 cewa a 2020 tasi miliyan ɗaya marasa direba za su hau titi. Shekarar ta wuce ba a gan su ba.

Musa (Njamena): Malama ta yi gaskiya. Abin da ya fi damuna ma shi ne, in an yi haɗari wa ake kamawa. A Maris 2018 motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta kashe wata mata tana tura keke a Tempe, jihar Arizona. Bincike ya nuna na'urar ta hango ta daƙiƙu kafin karon, ta kasa gane mutum ce. Matar da aka zaunar a sitiyari, wadda hankalinta ke kan waya, ita aka gurfanar, kamfanin bai fuskanci tuhumar laifi ba.

Nasiru: Yaya Musa, ai kowace fasaha da tuntuɓe take farawa. Jirgin sama ma haka ya yi.

Malama Hadiza: Tuntuɓe daban, ɓoye gaskiya daban. A Oktoba 2023 motar kamfanin Cruise marar direba ta ja wata mata a ƙasa kusan mita 6 a San Faransisko, hukumar kula da motoci ta jihar Kalifoniya ta dakatar da izininsu, ta ce ba su ba ta cikakken bayani ba. Ƙanena, amana ba a talla ake samunta ba.

Alhaji Buba: Ni abin da zan karɓa da hannu biyu shi ne na'urar da za ta yi ƙara in na fara gyangyaɗi, ko ta taka birki in yaro ya ratso. Su kira ta mataimakiyar direba, kada su ce direba ce.

Nasiru: A kan sunan na yarda da ku, Baba. A kan Waymo ban janye ba tukuna.