Shawarwari ga ɗalibai masu zuwa nazarin tsarin kiwon lafiya a waje

A wani zama da muka yi a Damagaram da ɗaliban da suka dawo daga ƙetare, shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada ɗalibi ya tsaya kallon na'urori, ya fara tambayar wanda ke biyan kuɗin maganin. A Ingila, tun 1948 haraji ne ke ɗaukar nauyin jinya, kuma marar lafiya yakan fara ganin likitan unguwarsa kafin a tura shi babban asibiti. A Ruwanda kuwa magidanta ne ke zuba kuɗi duk shekara a asusun inshorar al'umma, kuma ƙauyuka ne ke zaɓen jami'an lafiyarsu, abin da a ganina ya fi dacewa da karkararmu.

Wata malamar jinya ta ce tun kafin tafiya a zauna yini guda a ƙaramin asibitin ƙauye, a ga uwa da ta zo da zazzaɓin ɗanta lokacin damina, bisa tsarin jinya kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da Nijar ta soma a 2006, a kuma lura ko maganin yana nan a ɗakin magani. An ce kuma a nemi izini kafin a ɗauki hoton majinyaci.